Kafin a Sayi Bawul Mai Manhaja, a Duba Tsohon da Ke Ƙarƙashinsa

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, sanyi ya fara shiga ƙasashen Turai, tallar wata 'yar na'ura takan cika shafukan sayayya na intanet da bidiyoyin masu gwada kayan fasaha a YouTube. Girmanta bai wuce gwangwanin madara ba, fara ce tas, tana da ɗan allo mai nuna lambobi. Ana ɗaura ta a gefen ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, daga nan sai mutum ya riƙa sarrafa zafin kowane ɗaki daga wayarsa, ko yana cikin jirgin ƙasa ko yana zaune a aji. Kamfanoni irin su tado°, Netatmo, Eve, Drayton da Danfoss kowa yana da irin tasa, kuma alƙawarinsu ɗaya ne: kuɗin gas zai ragu, gida zai yi daɗin zama.

Wanda bai taɓa zama a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba ba zai iya cewa wannan magana ba ta shafe shi ba. Sai dai ɗalibai da ma'aikatan jinya da injiniyoyi daga Najeriya da Nijar da Ghana da ke sauka a Birtaniya da Jamus kowace shekara sukan ci karo da ita tun a hunturunsu na farko, ranar da takardar kuɗin gas ta iso suka ga abin da ba su yi zato ba. Matashin da ya saba warware komai da waya kuwa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ya yi odar na'urar. To a mafi yawan tsofaffin gidaje wannan gaggawa ce. Na'urar da ake talla kai ce kawai. Ainihin aikin yana hannun bawul ɗin tagulla da ke ƙarƙashinta, wanda wataƙila ya shekara 30 babu wanda ya taɓa shi. Ɗora sabon kai mai manhaja a kan bawul ɗin da ya cije, kitso ne da ƙwarƙwata.

Yadda ruwan zafi ke ɗumama gida

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Akwai tukunya da ake kira boila, galibi mai amfani da gas, tana dafa ruwa har ya kai wajen digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas. Wani ɗan injin tura ruwa sai ya kora shi cikin bututun jan ƙarfe zuwa kowane ɗaki. A ɗakin akwai faffaɗan ƙarfe jikin bango, yawanci ƙarƙashin taga, ruwan ya ratsa cikinsa ya bar zafinsa, sannan ya koma tukunya a sake dafa shi. Duk wanda ya taɓa leƙa garejin makanikai ya san lagireton mota, to wannan ɗan'uwansa ne. Bambancin kawai, a mota zafin ne ake son a zubar, a gida kuma zafin ake nema. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye shekara da shekaru.

Kowane lagireto yana da bawul biyu. Na farko shi ne wanda mai ɗaki ke murɗawa. Na biyu yana ɗaya gefen, an rufe shi da 'yar hular roba, mai gyaran famfo ne ke saita shi sau ɗaya ya bar shi, kuma mutane da yawa sun yi shekaru a gida ba su san amfaninsa ba. Za a dawo kansa a gaba, domin yana cikin abubuwan da manhaja ba ta iya taɓawa.

A tsofaffin gidaje bawul na farkon nan kamar kan famfo yake: a buɗe ko a rufe. Bai san ko ɗaki ya yi zafi ko ya yi sanyi ba. Shi ya sa za a ga gida ana ƙona gas, amma tagogi a buɗe saboda zafi ya yi yawa. Wani injiniya ɗan ƙasar Denmark, Mads Clausen, wanda ya kafa kamfanin Danfoss a 1933, shi ya ƙirƙiro maganin wannan a 1943, aka fara sayar da shi a farkon shekarun 1950, ya kuma bazu sosai bayan tsadar man fetur ta 1973. A cikin kan bawul ɗin an saka ɗan ƙoƙo mai ɗauke da kaki irin na kyandir, ko wani ruwa, ko iskar gas. Idan ɗaki ya ɗumama sai abin ya kumbura, ya danna wani ɗan tsinken ƙarfe, tsinken ya toshe hanyar ruwan zafi. Idan ɗaki ya huce sai ya tsuke, sifirin ya ɗago tsinken, ruwa ya ci gaba da wucewa.

Babu batir, babu waya, babu intanet. Amma wannan abu mai shekara sama da 80 yana yin mafi girman ɓangaren aikin da ake yabon na'urar zamani a kansa, wato riƙe ɗaki a kan zafin da aka zaɓa. Lambobin da ke jikinsa daga 1 zuwa 5 ma'aunin zafi ne: a yawancin ire-irensa a Jamus, 2 tana nufin kimanin digiri 16, 3 tana nufin 20, 5 kuma wajen 28. Alamar ƙanƙara da ke ƙasa tana hana bututu daskarewa ne kawai. Baƙi da yawa, har da 'yan ƙasa ma, sukan murɗa shi zuwa 5 da zaton ɗaki zai fi saurin ɗumama. Ba zai ƙara sauri yadda ake zato ba, illa dai ya wuce inda ake so ya ci gaba da cin gas.

To me kai mai manhaja ya ƙara? An cire ƙoƙon kakin, an maye gurbinsa da ƙaramin moto, da na'urar auna zafi, da batir biyu, da 'yar na'urar sadarwa mai magana da waya. Moton nan tsinken nan ɗaya yake dannawa. Tsinken kuwa na tsohon bawul ne.

Tsinken da ya cije

A nan matsalar take. Tafiyar tsinken gaba ɗaya 'yan milimita kaɗan ce. Idan ya kwashe watannin bazara a danne, tsatsa da gishirin ruwa sukan kama shi, ya ƙi ɗagowa. Sanyi na shigowa a kunna tukunya, lagireto ya ƙi ɗaukar zafi. A wani gidan kuma akasin haka ne: robar da ke toshe hanyar ruwa ta cinye, bawul ba ya rufewa ruf, ɗaki ya yi ta zafi ko an mayar da shi sifili. A duka halin biyu manhaja za ta nuna wa mai ita kyakkyawan allo, ta rubuta cewa an buɗe ko an rufe, domin moton ya yi nasa juyin. Ita ba ta ganin ruwa.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A murɗa kan zuwa lamba mafi girma, a kwance zoben da ya riƙe shi, a cire. Ruwa ba zai zubo ba, domin kan ba ya taɓa ruwa. Za a ga tsinken ya leƙo. A danna shi da bayan cokali: lafiyayye zai shige da ɗan ƙarfi, ya kuma dawo da kansa nan take. Idan ya ƙi motsi, ana iya bubbuga gefen bawul ɗin a hankali, a ɗiga masa ɗan mai, a yi ta dannawa har ya saki. Abin da bai kamata ba shi ne a kama shi da filaya a fizgo, domin a wasu ire-iren yana iya fitowa gaba ɗaya, baƙin ruwa ya biyo baya. Idan kuma an ga danshi ko koren tsatsa a kewayen tsinken, wannan bawul ya gama aikinsa, sai canji.

Akwai kuma maganar da masu talla ke rubutawa da ƙananan haruffa. Kai mai manhaja yana zama ne kawai a kan bawul mai tsinke. Gidan da har yanzu yake da irin na kan famfo, babu inda za a ɗaura shi sai an canja gangar jikin. Ko a masu tsinken ma bakin murɗin ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai ma'aunin M30 x 1.5, amma tsofaffin Danfoss samfurin RA da RAV da RAVL, da wasu na kamfanonin Italiya irin su Caleffi da Giacomini, sai an haɗa da adafta. Adaftar roba da ba ta zauna daidai ba takan sa moton ya kasa danna tsinken har ƙarshe, mutum ya yi ta zagin manhaja alhali laifin na 'yar roba ce.

Canja gangar jikin aiki ne na gaske

Dalilin da ya sa mutane ke gudun wannan mataki a bayyane yake. Canja kai aikin minti biyar ne, ana iya ɗaukarsa a bidiyo a ɗora a TikTok. Canja gangar jiki kuwa sai an kashe tukunya, an bari ruwa ya huce, an tsiyaye shi ta tiyo zuwa waje, ko kuma a daskarar da ɗan yankin bututun da wani feshi na musamman domin ƙanƙara ta zama toshiya na ɗan lokaci. Sai a kwance goro biyu da sifana, ana riƙe bawul ɗin da wata sifanar kada bututun ya murɗe. A Birtaniya yawancin bututun milimita 15 ne, wasu gidajen kuma sirara ne masu milimita 8 ko 10, waɗanda ba sa jure wasa. Akan sha wahala wajen cire tsohon zoben tagulla da ya nutse a jikin bututu, da kuma ɗan guntun da ke shiga cikin lagireton, wanda sai an naɗe sabon da farin tef na masu famfo kafin a ɗaura.

Ruwan da ke fitowa baƙi ne wuluk kamar tawada, saboda tsatsar ƙarfe da ta taru shekara da shekaru. Idan ya taɓa kafet, magana ta ƙare. Amma ganin wannan ruwa shi kansa darasi ne, domin wannan lakar ce ke toshe bawul, ita ce kuma ke sa a taɓa lagireto a ji samansa da zafi, tsakiyar ƙasansa da sanyi. Bayan an gama sai a sake cika ruwa, a zuba maganin hana tsatsa, a bi lagireto ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli a fitar da iskar da ta maƙale, sannan a tabbatar allurar matsin ruwa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan tsarin rufaffe ne.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da kan kayar da mai koyo. Wasu bawul-bawul suna da kibiya a jikinsu mai nuna inda ruwa zai bi. Idan aka ɗaura su a juye, sai a riƙa jin bugu a bututu cikin dare kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Sannan wasu tsofaffin gidaje bututu ɗaya ne ke zagaya dukkan ɗakuna maimakon biyu, kuma irin wannan tsari yana buƙatar bawul nasa na musamman mai faɗin hanya. Wanda bai tabbatar da irin tsarin gidansa ba, kiran mai gyaran famfo ya fi masa arha a kan rufin maƙwabcin ƙasa da ya jiƙe.

Duk da wannan wahala, a nan kuɗi ya fi yin aiki. Bawul mai kakin nan, kai da gangar jiki, farashinsa a shagunan Birtaniya bai cika wuce fam 10 zuwa 25 ba, kuma zai iya shekaru masu yawa ba tare da ya nemi komai ba. Tsallen da ake yi daga bawul irin na kan famfo zuwa mai kaki shi ne babban tsalle, domin daga ranar ne ɗaki ke fara tsayawa a kan zafin da aka zaɓa. Hukumomi ma sun san da haka: ƙa'idojin gini na Ingila da suka fara aiki a watan Yunin 2022 sun buƙaci a saka irin wannan bawul idan za a canja tukunya. Ba su ce dole sai mai manhaja ba.

Sai kuma bawul na biyun nan mai hular roba. Ruwa malalaci ne, hanya mafi kusa yake bi. Idan duk waɗannan bawul-bawul a wangale suke, lagireton da ke kusa da tukunya zai kwashe ruwan zafi, na ƙarshen layi ya tashi da saura. Mai gida sai ya ƙara wutar tukunya domin ɗaki na ƙarshe ya ɗumama, sauran ɗakuna su koma tanderu. Maganinsa shi ne a ɗan matse na kusa, a buɗe na nesa, har rabon ya daidaita. Aiki ne na haƙuri, babu abin burgewa a cikinsa, amma lokacin da iskar gas ta Rasha ta yanke a 2022, yana cikin abubuwan da gwamnatin Jamus ta wajabta wa manyan gidajen haya masu amfani da gas, a daidai lokacin da ta hana ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19. Ƙasar da kafin yaƙin Yukren fiye da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha yake fitowa, da ta shiga matsi, sifana ta ɗauka.

Daidaita rabon ruwan yana da wata fa'ida. Tukwanen zamani, waɗanda Birtaniya ta wajabta tun 2005, suna tatsar ƙarin zafi daga tururin hayaƙinsu, amma sai idan ruwan da ke dawowa ya sauka ƙasa da kimanin digiri 55. Ruwan da ya ratsa lagireto a guje ya dawo da zafinsa yana hana tukunyar yin wannan aiki. Kenan gidan da rabon ruwansa ya karkace yana asarar gas a wurin da babu wata manhaja da za ta nuna.

Inda mai manhaja ya ci kuɗinsa

Adalci ne a faɗi cewa na'urar ba yaudara ba ce. Abin da ta iya wanda kaki bai iya ba shi ne sanin lokaci. Kaki ya san zafi kawai; bai san ƙarfe bakwai na safe ba, bai san masu gida sun tafi aiki ba. Kai mai manhaja zai iya ɗumama ɗakin kwana minti 30 kafin a tashi, ya sauke zafin idan an fita, ya bar ɗakin baƙi a digiri 16 duk mako. Wasu suna bin inda wayar mai gida take, su rage zafi idan ya yi nisa. Wasu suna gane an buɗe taga saboda faɗuwar zafi farat ɗaya, su rufe ruwa na ɗan lokaci. Da yawansu kuma suna motsa tsinken lokaci-lokaci ko da bazara ce, domin kada ya cije, wanda dabara ce mai kyau ƙwarai, ko da yake rigakafi ce ga lafiyayyen bawul, ba ta tayar da matacce.

A gidan da ɗalibai huɗu ke zaune, wani yana aikin dare, wani yana lacca da safe, ko babban gida mai ɗakunan da ba a shiga kullum, wannan yana iya rage kuɗi sosai. Masana makamashi a Jamus suna yawan ambaton wani ƙiyasi cewa rage digiri ɗaya na rage kimanin kashi 6 cikin 100 na makamashin ɗumama gida. Amma a lura da abin da ƙiyasin ke faɗa: ragin yana zuwa ne daga sauke zafi, ko da hannu aka sauke ko da waya. Mutumin da dama ya saba murɗa bawul zuwa 2 idan zai fita, ribar da na'urar za ta ƙara masa kaɗan ce. Alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali kusan kullum da "har zuwa" suke farawa, kuma ana kwatanta su ne da gidan da ake barin wuta a kunne dare da rana.

A ƙaddara gida mai lagireto takwas, kowane kai a kan fam 60. Fam 480 kenan, ban da 'yar akwatin da ke haɗa su da intanet. A ƙaddara kuma kuɗin ɗumama gidan fam 800 ne a shekara, na'urar ta rage kashi 10. Fam 80 a shekara, wato sai an yi hunturu shida kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ba a lissafa batir 16 da za a riƙa canjawa duk shekara ɗaya ko biyu ba, ba a kuma lissafa kuɗin wata-wata da wasu kamfanoni ke karɓa kafin su buɗe wasu daga cikin abubuwan da suka sa aka sayi na'urar tun farko ba. Tado°, alal misali, ya sanya sarrafa kai ta hanyar bin wurin da waya take a ƙarƙashin tsarin biyan kuɗi. Ɗalibin da zai yi digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya ya tattara ya koma gida, lissafin nan ba zai taɓa fita a wurinsa ba.

Akwai ƙananan abubuwan haushi da bidiyon buɗe kwali ba ya nunawa. Na'urar auna zafin tana manne da ƙarfe mai zafi, don haka takan ɗauka ɗaki ya ɗumama alhali mai ɗakin yana rawar sanyi a kan gado, sai an gyara ma'aunin a manhaja ko an sayi wata na'urar aunawa daban a kafa a bango. Labule ko kujera da suka rufe ta suna ƙara ruɗa ta, kamar yadda suke ruɗa mai kakin ma. Moton yana 'yar ƙara, wadda da rana ba a ji, amma ƙarfe huɗu na asuba mai saurin farkawa zai ji ta. Kuma idan ba a haɗa kawunan da tukunyar kanta ba, za su iya buɗe bawul amma ba za su iya cewa tukunya ta kunna ba, sai a wayi gari an sayi rabin tsari.

Ranar da kamfani ya rufe ƙofa

Babban abin da ya kamata mai waya ya tsaya ya auna shi ne tsawon rai. Bawul ɗin tagulla ana yi masa lissafin shekaru 20 ko fiye. Manhaja kuwa ranta yana hannun kamfanin da ya yi ta. A watan Janairun 2016 wata tangarɗar sabunta manhaja ta zuƙe batirin na'urorin daidaita zafi na Nest, mutane suka farka a gidaje masu sanyi a tsakiyar hunturu. A shekarar nan dai Nest ta kashe akwatin sarrafa gida na Revolv gaba ɗaya, waɗanda suka saya suka tashi da abin ado. A ƙarshen 2016 wani harin intanet ya tsayar da na'urorin ɗumama wasu gine-gine biyu a garin Lappeenranta na ƙasar Finland. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe manyan kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, sai daga baya wasu masu amfani da kayan suka haɗu suka saye shi suka farfaɗo da shi. A watan Oktoban 2025 kuma Google ta daina tallafa wa tsofaffin samfuran Nest na farko da na biyu, har da wanda aka sayar a Turai a 2014. Suna aiki idan an je an murɗa su da hannu, amma an cire su daga manhaja, wato abin da aka biya kuɗi dominsa.

Wanda ƙwan fitilarsa mai manhaja ya daina magana da waya, zai tashi ya danna makunni. Ɗumama gida a watan Janairu a Turai kuwa maganar lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, kuma ɗakin da aka bari ya yi sanyi da yawa yakan tara danshi da baƙin fumfuna a bango. Saboda haka duk wanda ya yanke shawarar saye, tambayar farko ita ce me na'urar ke yi idan intanet ta ɗauke. Akwai masu riƙe jadawalinsu a cikin kansu ko a akwatin da ke cikin gida, akwai kuma masu jiran umarni daga kwamfutar kamfani a wata ƙasa. Masu amfani da Zigbee ko Thread, da masu bin ƙa'idar Matter da Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya aka fitar a ƙarshen 2022, sun fi ba mutum damar sauya manhaja ba tare da zubar da na'ura ba. Kuma a zaɓi wadda ake iya murɗawa da hannu, domin baƙo ko tsohuwa da ta zo ganin jika kada ta zauna cikin sanyi tana jiran mai waya ya dawo.

Ga ɗan haya, wanda shi ne halin mafi yawan sababbin zuwa, rabon aikin a fili yake. Gangar jikin bawul da bututu da tukunya na mai gida ne. A Ingila dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida nauyin gyaran kayan ɗumama gida, don haka bawul ɗin da ya cije ko yake ɗiga, saƙo za a tura masa a rubuce tare da hoto, ba sifana za a ɗauka ba. Kai kuwa ɗan haya na iya canja shi tunda ba a taɓa ruwa, bayan ya duba yarjejeniyar hayarsa. Idan gidan yana da na'urar daidaita zafi a bango, lagireton da ke ɗaki ɗaya da ita a bar shi a buɗe, kada a sa masa kai mai manhaja, in ba haka ba su biyun za su yi ta jayayya: ɗaya na rufe ruwa, ɗaya na kiran tukunya ta ƙara wuta.

Idan tsinke ya motsa lafiya, rabon ruwa ya daidaita, har yanzu kuma sha'awar na'urar tana nan, babu dole a sayi takwas. A fara da biyu, ɗakin kwana da falo, inda jadawali ke da tasiri, a kwatanta mitar gas ta wata guda da ta watan da ya gabace shi, ana la'akari da yadda sanyin waje ya kasance. Tsofaffin kawunan kuma a zuba su a leda, a rubuta ɗakin da kowanne ya fito, a ajiye a ƙasan kabad, saboda ranar tashi mai gida zai nemi ganinsu a inda ya bar su kafin ya mayar da kuɗin ajiya.